Numfashin Autarmu

A nan Sharabi, cikin ƙasar Bagudo, ba sai mun duba kalanda ba kafin mu san hunturu ya shigo. Da an kwashe shinkafa daga fadama, aka fara sussukar gero, sai iska ta juyo daga arewa, hazo ya rufe sama, leɓunan yara su soma tsagewa. Ga yawancin mutane wannan lokacin hutu ne da bukukuwa, gama rumbu ya cika. Amma a gidanmu, shekaru da dama, lokacin fargaba ne, domin autarmu tana da ciwon asma, wanda tsofaffi sukan kira fuka. Muna so mu ba ku labarin kuskuren da muka yi a kan wannan ciwo, da yadda aka gyara mana, ko ya zama da amfani ga wani gida.

Yadda abin ya soma

Tana da shekara biyar sa'ad da muka lura tarinta ba irin na sauran yara ba ne. Da rana lafiyarta ƙalau, tana guje-guje da 'yan'uwanta. Da dare kuwa, musamman gab da asuba, sai tari ya tashe ta, ƙirjinta yana ƙara kamar kukan 'yar kyanwa. Muka ba ta zuma da lemun tsami. Muka sayo maganin tari na ruwa a kemis. Kakarta ta kawo sassaƙe iri biyu. Abin ya lafa da damina ta faɗi, ya komo da sanyi ya komo.

Da muka gaji, muka kai ta wurin malamin asibiti. Ya saurari ƙirjinta, ya yi mana tambayoyi, sa'an nan ya ce asma ce. Ya rubuta mana abin shaƙa, watau ɗan gwangwanin nan da ake fesawa a baki, wanda mutane ke kira inhela. Muka karɓi takardar, muka yi godiya, muka komo gida, muka sa ta cikin littafi muka rufe. Ba mu saya ba.

Me ya hana mu? Magana uku da muka sha ji a gari. Ta fari, wai wanda ya fara shaƙa ba ya bari har abada. Ta biyu, wai ba a ba mutum wannan abu sai ciwonsa ya kai maƙura. Ta uku kuwa kakar yarinyar ce ta faɗe ta a tsakar gida. Ta ce, "Kai ɗan nan, kada ka yarda a sa wa jikata wannan gwangwani a baki. 'Ya mace ce. In aka gan ta da shi, wa zai zo neman aurenta?"

Ya ku masu karatu, ga abin kunya. Mu ne muke tsayawa gaban allo kowace safiya muna gaya wa yara kada su gaskata ji-ta-ji-ta sai sun bincika. Takardar diflomarmu tana rataye a bango. Duk da haka muka zaɓi maganar bakin kasuwa, muka bar ta wanda ya karanci aikinsa. Muka koma kemis, muka sayi maganin asma na ƙwaya, muna cewa a ranmu ai haɗiya ta fi shaƙa sauƙi.

Daren da ba za mu manta ba

Shekara biyu muka yi a haka. Ran nan, cikin tsakiyar hunturu, maƙwabtanmu suka wuni suna sussuka, Auta kuwa ta tafi taya su shiƙa, ta komo kanta fari fat da ƙaiƙayi. Da dare sanyi ya yi tsanani, uwargida ta shigo da garwashi ɗaki domin a ji ɗumi. Wajen tsakar dare muka farka muka tarar da yarinya a zaune, ta dafa gwiwoyinta, ta kasa kwanciya. Muka haska ta da tocila. Fatar da ke tsakanin haƙarƙarinta tana lotsawa ciki duk sa'ad da ta ja numfashi. Ta so ta yi magana, amma sai kalma ɗaya ɗaya. "Baba," ta huta. "Ƙirjina."

Muka ba ta ƙwayar, muka zauna muna jira. Rabin sa'a ya wuce, ba sauƙi. Uwargida ta ce, "Malam, ta da babur." Muka sa yarinyar a tsakiya, muka kama hanyar Bagudo cikin hazo, fitilar babur ba ta nuna kome sai ƙura. A hanya ƙarar ƙirjinta ta ragu, har muka ce wa uwargida ga alama ta samu. Daga baya aka gaya mana cewa wannan ce alama mafi muni, gama iskar da ke shiga ta yi kaɗan har ba ta isa ta yi ƙara ba.

Muka isa asibiti, malamar da ke aikin dare ta karɓe mu. Akwai na'urar da ke mai da magani tururi, amma da lantarki take aiki, a daren kuwa babu wuta. Malamar ba ta tsaya ba. Ta buɗe kabad ta ɗauko abin shaƙa mai ruwan shuɗi, irin wanda muka ƙi saya, da gorar ruwa ta roba wadda aka huda gindinta. Ta girgiza gwangwanin, ta cusa bakinsa cikin hujin, ta sa bakin gorar a bakin yarinyar. Ta fesa sau ɗaya, ta ce, "Ja, 'yata. Sake. Sake." Ta ƙirga numfashi biyar, ta sake fesawa. Muna tsaye muna kallo, a ranmu muna cewa wannan wane irin wasa ne. Amma ba a daɗe ba kafaɗun yarinyar suka sauka. Aka ƙara mata wasu ƙwayoyi na rage kumburi. Kafin gari ya waye ta dube mu ta ce, "Baba, ina jin yunwa, a ba ni koko." Magana ɗaya ɗungum, ba hutawa. Gani ya kori ji.

Lissafin da aka koya wa malami

Da safe malamar ta tambaye mu, "Malam, ba a taɓa rubuta muku wannan ba?" Muka sunkuyar da kai, muka faɗa mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce mu kawo ƙwayar da muke ba yarinyar, ta ajiye ta kusa da gwangwanin, ta ce mu karanta abin da aka rubuta. A jikin kwalin ƙwayar an rubuta salbutamol, miligiram 2. A jikin gwangwanin ma salbutamol ne, amma kowace fesawa maikrogiram 100. Ta ce, "Tun da kai malami ne, yi mana lissafi." Miligiram 1 maikrogiram 1,000 ne. Ashe ƙwaya ɗaya daidai take da fesawa 20.

Watau shekara biyu muna gudun abin da muke ce da shi mai ƙarfi, muna ɗura wa yarinya wannan maganin dai, ninki ashirin. Dalilin kuwa a fili yake. Ƙwaya sai ta sauka ciki, ta shiga jini, ta zaga jiki duka kafin kaɗan daga cikinta ya isa huhu, shi ya sa take jinkiri, take kuma sa rawar hannu da bugun zuciya. Na shaƙa kuwa kai tsaye yake tafiya inda ciwon yake. Cikin minti biyar ya fara aiki, ya yi sa'a huɗu zuwa shida yana riƙe da hanyar iska a buɗe.

Ta kuma bayyana mana ciwon kansa. Cikin huhu akwai 'yan hanyoyin iska masu rassa kamar itace. A mai asma, bangon waɗannan hanyoyi a kumbure yake ko da yana jin lafiya. In ƙura, ko hayaƙi, ko sanyi, ko mura ta taɓa su, sai naman da ke kewaye da su ya matse, majina ta taru, hanya ta ƙuntata. Saboda haka abin shaƙa iri biyu ne. Akwai na buɗewa, wanda yawanci shuɗi ne, ana shaƙarsa sa'ad da numfashi ya sarƙe. Akwai na rigakafi, wanda sau da yawa ruwan ƙasa ne, ana shaƙarsa kowace rana safe da yamma domin ya kwantar da kumburin. Manomin shinkafa zai gane wannan. In hanyar ruwa ta toshe, ka ɗauki fartanya ka buɗe, wannan na buɗewa ke nan. Amma wanda yake share ciyawa daga hanyar kullum, da wuya tasa ta toshe.

Amsar maganar cewa ba a bari kuwa ita ce, maganin ba ya kama mutum kamar yadda taba ke kamawa. Ciwon ne mai daɗewa. Wanda yake sa tabarau shekara ashirin, ba tabarau ne ya kama shi ba, idonsa ne yake bukata.

Daga ina wannan abu ya fito

Kunya ta sa muka shiga neman sani. Muka tarar shaƙar magani ba baƙon abu ba ne a duniya, mu ma a ƙasar Hausa mun san turare da sirace tun kaka da kakanni. A shekarar 1778 wani likitan Ingila, John Mudge, ya ƙera wani moɗa mai murfi da bututu domin masu tari su shaƙi tururi. A Indiya kuma an daɗe ana shan hayaƙin ganyen zaƙami saboda asma, har Turawa suka ɗauka suka riƙa naɗa shi kamar taba suna sayarwa. Gaskiya ne akwai abin da ke buɗe hanyar iska cikin zaƙami, amma duk mun san abin da yake yi wa hankali, gama ba a banza ake kiransa haukata-yaro ba. Guba ne, ba shi da ma'auni, kada kowa ya gwada.

Gwangwanin da muke gani yau kuwa, tambayar wata yarinya ce ta haife shi. A Amurka, George Maison, shugaban kamfanin magunguna na Riker, yana da 'ya mai shekara 13 mai fama da asma. Ta gaji da kwalbar da take matsawa da hannu, ta tambayi ubanta me zai hana a sa maganinta cikin gwangwanin fesawa irin na man gashi. Uban bai raina maganar ba, ya kai wa ma'aikatansa, a shekarar 1956 abin ya shiga kasuwa. Salbutamol kuwa a Ingila aka gano shi a 1966, aka fara sayar da shi a 1969 da sunan Ventolin. Na rigakafi ya biyo baya a 1972. Mun daɗe muna tunani a kan wannan uba. Shi 'yarsa ta yi magana ya saurara. Tamu ta yi shekara biyu tana tari a kunnenmu.

Gorar ruwan ma ba dabarar malamar nan kaɗai ba ce. Likitoci a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Heather Zar, sun gwada ta a kan yara masu asma, suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta Lancet a 1999. Sun tarar gorar roba mai cin rabin lita tana aiki daidai da bututun da ake saya da tsada. Amfaninta shi ne, maganin yana fita daga gwangwani da gudu, in aka fesa kai tsaye a baki yawancinsa a harshe da maƙogwaro yake tsayawa, musamman ga yaro wanda bai iya haɗa fesawa da jan numfashi ba. Cikin gora kuwa maganin yakan tsaya kamar hazo, yaro ya ja shi a hankali har huhu.

Yadda muke yi a gidanmu

Ga abin da aka koya mana, muka kuma riƙe. A sami gorar ruwa mai rabin lita. A lanƙwasa waya daidai girman bakin abin shaƙar, a zafafa ta a wuta, a danna a gindin gorar ta huda, a cusa bakin abin tun robar tana da ɗumi domin ya kama sosai, kada iska ta fita ta gefe. A wanke gorar da ruwan sabulu, a bar ta ta bushe da kanta. Kada a goge cikinta da tsumma, gama gogewa tana sa maganin ya manne a jikin roba.

In za a ba da magani, yaro ya zauna a miƙe. A girgiza gwangwanin, a sa shi a gindin gora, yaro ya kama bakin gorar da leɓunansa. A fesa sau ɗaya tak, ya ja numfashi sau biyar, a dakata kamar rabin minti, a sake girgizawa kafin fesawa ta biyu. Kada a tara fesawa biyu ko uku a lokaci ɗaya. In na rigakafi ne, ya kurkure baki ya zubar bayan ya gama, domin kada farin ƙura ya fito masa a harshe. Ƙananan yara waɗanda ba su iya kama bakin gora ba, su sai da abin rufe hanci da baki, wannan kuwa a asibiti ake nunawa.

In ciwon ya tashi da ƙarfi, aka ce mu ba da na buɗewa fesawa ɗaya ɗaya, har zuwa goma in ya zama dole, muna kuwa shirin tafiya. In yaro ya kasa gama magana, ko ya kasa sha, ko haƙarƙari na lotsawa, ko leɓunansa suka sake launi, ko ya fara gyangyaɗi, ba a jiran gari ya waye. A tafi asibiti, a ci gaba da fesa masa a hanya.

Akwai kuskure na biyu da muka kusa faɗawa. Da muka ga aikin shuɗin, sai muka so mu dogara gare shi kaɗai, gama shi ne ake ganin amfaninsa nan take. Likita ya gargaɗe mu. Ya ce wanda yake bukatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko yake ƙarar da gwangwani uku a shekara, ciwonsa bai kwanta ba, yana cikin hatsari. Tun shekarar 2019 ma ƙungiyar GINA, wadda take fitar da ƙa'idodin jiyyar asma ga duniya, ta daina ba da shawarar manya da matasa su zauna a kan na buɗewa shi kaɗai. Saboda haka likita ne zai faɗi irin wanda ya dace da kowa, ba maƙwabci ba.

Maganar kuɗi

Ba za mu ɓoye muku ba, abin yana da tsada. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 kuɗin abin shaƙa ya ninka, albashin malamin makaranta kuwa kun san shi. A ƙauye ba kullum ake samunsa ba, wani lokaci sai mun ba da saƙo Birnin Kebbi. Abin da muke yi shi ne, da an sayar da shinkafa, kafin a yi maganar ɗinkin yara, sai mu cire kuɗin maganin hunturu mu ajiye. Gwangwanin salbutamol yana da fesawa 200. Muna da ɗan littafi inda muke sa alama duk sa'ad da aka fesa, gama gwangwanin yakan ci gaba da huci bayan maganin ya ƙare, girgizawa kuwa ba ta nuna gaskiya.

Mu da muke bakin iyaka, kusa da Tsamiya da Segbana ta ƙasar Benin, kaya iri iri suna shigo mana, har da magunguna masu rubutun Faransanci da ake bazawa a faranti cikin rana. Mukan duba lambar hukumar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ba ma kuwa sayen gwangwanin da ya wuni a rana. Arha ba ta da amfani in an fesa da tsakar dare ba a ga kome ba.

Mun kuma sake wasu abubuwa waɗanda ba su cin ko kwabo. Garwashi ba ya ƙara shiga ɗakin kwana. Mun bar ƙona maganin sauro, mun koma gidan sauro. Ana yayyafa ruwa kafin a yi shara. Ranar sussuka Auta tana da wani aiki dabam.

A makaranta

Da idonmu ya buɗe a gida, sai ya buɗe a aji. Muka ga yaron da yakan tsaya a baya in ana wasan guje-guje, wanda dā muke ce masa malalaci. Muka ga yarinyar da take gyangyaɗi kowace safiya cikin sanyi, ashe tari ne yake hana ta barci. Ba mu kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne suke da asma, 455,000 kuma suka mutu, yawancinsu a ƙasashen da ba su da wadata. Wani bincike da likitocin Nijeriya suka buga a wannan shekarar ya ƙiyasta masu ciwon a ƙasarmu sun kai miliyan 13. Ba domin ciwon ya fi ƙarfin magani ake mutuwa ba, sai domin maganin bai kai hannu ba, ko kuwa ya kai an ƙi shi, kamar yadda muka yi.

Yanzu mukan roƙi iyaye su gaya mana in ɗansu yana da ciwon. Ba ma sa shi goge allo, ba ma sa shi sharar aji. Mun kuma gaya wa yara a fili cewa asma ba a ɗaukarta, ko an ci abinci a kwano ɗaya. Dabam take da tarin fuka. Wanda ya yi mako biyu yana tari, ga rama, ga zufar dare, shi a kai shi gwajin tarin fuka, wanda ake yi kyauta a asibitocin gwamnati.

Auta tana da shekara goma sha ɗaya yanzu. Hunturu huɗu ke nan ba mu ta da babur da tsakar dare ba. Tana gudu, tana zuwa ɗiban ruwa, tana shaƙar na rigakafinta safe da yamma ba sai an tuna mata ba. Kakarta ba ta taɓa cewa ta yi kuskure ba, mu ma ba mu nema ba, gama namu kuskuren ya fi nata girma. Amma ran da za su tafi biki Ka'oje tare, muka ji ta daga ɗaki tana cewa, "Ke kishiya, kin ɗauki gorarki?" Ta karɓa da kanta, ta ƙulle a bakin zanenta.

In akwai takardar asibiti da kuka rufe cikin littafi, ku ɗauko ta yau, ku koma wurin wanda ya rubuta, ku yi masa duk tambayar da ke ranku. Ku tafi da gorar ruwa a hannu, ku ce ya nuna muku. Hunturu yana tafe.